Tambayoyin lafiya: ɓeran da ya warke a ɗakin gwaji, da Baba da ya ajiye maganinsa

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon da yawa ne, amma akwai guda ɗaya da ya hana ni sukuni tun ranar da na karanta shi, kuma a kansa zan fi daɗewa. Sauran ku yi haƙuri da gajeriyar amsa.

Daga wata ɗaliba mai koyon aikin jinya, Gawon Nama: Likita, kullum malamai na cewa samfurin kaza, samfurin kaza. Wani roba ne, wani ɓera ne, wani kuma lissafi ne a allo. Ya aka yi suna ɗaya ya haɗa su?

'Yata, kin taɓa raka wani wurin bitar alhazai? Akan haɗa ɗan ɗaki da katako, a lulluɓe shi da baƙin ƙyalle, maniyyata su riƙa zagaya shi ana nuna musu inda ake fara ɗawafi da inda ake ƙarewa. Wanda ya zagaya wannan katako bai yi Hajji ba, amma idan ya isa Makka ba zai ruɗe ba. To, samfuri ke nan: wakilin abu na gaske, wanda aka sauƙaƙe don a koyi wani ɓangare nasa, saboda shi na gasken ya yi nisa, ko ya yi ƙanƙanta, ko taɓa shi da hatsari.

Akwai wanda ake riƙewa a hannu, irin ƙwarangwal da zuciyar roba da ke ajinku. Masana Watson da Crick ma da guntayen ƙarfe da kwali suka haɗa siffar DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta, a Ingila a 1953. Akwai mai rai: ɓera, zomo, ƙudan 'ya'yan itace, ko ƙwayoyin halitta da ake reno a faranti. Akwai na lissafi, wanda yanzu kwamfuta ke ɗauka. Sai kuma wanda ba a gani, wato hoton da mutum ya zana a ransa, kamar in ce miki zuciya famfo ce, jijiyoyi kuma bututu. Kowanne an yi shi ne don amsa wata tambaya taƙamaimai. Idan kika yi masa tambayar da ba tasa ba, zai ɓatar da ke.

Daga wani magidanci, Kware: Matata ta kusa haihuwa. Ina tsoron kai ta babban asibiti kada ɗalibai su koyi aiki a jikinta.

Malam, ɗalibai kan fara karɓar haihuwa ne a jikin mutum-mutumin roba, kuma ko sun zo kan mace sai da malami a tsaye. Tana da ikon cewa ba ta son ɗalibi ya duba ta. Kada wannan tsoron ya sa ta haihu a ɗaki. Naƙuda ta kama, ko ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburi, ku tafi asibiti nan take.

Daga wani matashi, Mabera: Likita, Babanmu na da ciwon suga shekara tara, shina shan magani kullum. Wani mai maganin gargajiya ya nuna muna takarda cewa an gwada sassaƙenai ga kusa, wato ɓeraye, a jami'a, duk sun warke. Sati uku ke nan da Baba ya bar na asibiti ya koma ga wanga. Yanzu fitsari ya ƙaru, ya rame, amma mai magani ya ce cutar ce ke fita. Mu ci gaba?

A'a. Ɗana, kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, ka nemi abin hawa ka kai Baba a auna sugansa yau, ba gobe ba. Yawan fitsari da ƙishirwa da rama ba fitar cuta ba ce. Suga ne ya yi yawa a jini har yana malala ta ƙoda yana jan ruwan jiki. Idan ya fara amai, ko numfashi mai zurfi da sauri, ko magagi, ko barcin da ba a iya tashinsa, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare.

Na san takardar da kake nufi, don an sha kawo mini irinta. Hoton shafin farko ne na wani rahoton bincike, an manne shi cikin leda, Turanci cike, sai a ɗora shi kan bonet kusa da jarkoki, lasifika na ta faɗin an gwada an tabbatar. Kuma mai yiwuwa binciken gaskiya ne. Jami'o'inmu na yin irinsa sosai a kan zogale da shuwaka da garahuni da sauransu, aiki ne mai kyau, ina girmama masu yinsa. Matsalar tana wajen abin da aka ɗora wa takardar, wanda masu binciken da kansu ba su faɗa ba.

Bari in gaya maka yadda ake yi. Ɓeran ɗakin gwaji, ko kusu yadda muke cewa a nan, lafiyarsa ƙalau ake kawo shi. Sai a yi masa allurar wani sinadari, aloksan ko makamancinsa, wanda ke kashe ƙwayoyin da ke yin insulin a jikinsa, wato sinadarin da ke sauke suga a jini. Cikin 'yan kwanaki sugansa ya hau. Sai a raba ɓerayen rukuni-rukuni, sau da yawa biyar ko shida a kowanne, a riƙa ɗura wa wasu ruwan ganyen da aka tace aka auna daidai da nauyin jikinsu, na mako biyu ko huɗu. Idan suga ya ɗan sauka, sai a rubuta cewa ganyen ya nuna alamar rage suga a ɓera, ana buƙatar ƙarin bincike. Iyakar abin da takardar ta ce ke nan.

To dubi Baba. Ba wanda ya yi masa allurar guba. Ciwon suga irin na yawancin manya a hankali yake shiga: jiki ne ke daina jin insulin, shekara da shekaru. Ɓeran nauyinsa bai fi rubu'in kilo ba, rayuwarsa duka shekara biyu zuwa uku ce, ba shi da hawan jini, ba ya shan wasu ƙwayoyi, ƙodarsa sabuwa fil. Baba ya kwashe shekara tara suga na taɓa ƙodarsa da idonsa da jijiyoyin ƙafarsa. Sannan abin da ke cikin jarkar, wa ya auna shi? Wa ya san ko sassaƙen da aka gwada ne ma a ciki, ko an haɗa da kanwa, ko an niƙa ƙwayar bature an zuba? Wallahi wannan abu na ƙona mini rai. Mutum bai san ko awon suga ba, amma ya iya buɗe baki ya ce wa dattijo ya zubar da maganinsa.

Kada ka ɗauka ina raina gwajin dabba. Insulin ɗin da ke riƙe da rayuwar miliyoyin mutane, a jikin karnuka Banting da Best suka gwada shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, kafin a yi wa wani yaro ɗan shekara 14 a farkon 1922. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke bayarwa yau, Tu Youyou ta ƙasar Sin ta samo tushensa daga wani tsiro dangin tazargade, ta fara da ɓeraye, ta ci kyautar Nobel a 2015. Kai, metformin ma da nake kyautata zaton shi Baba ya ajiye, asalinsa daga binciken wani tsiro ne na Turai. A nan gida, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta fitar da Niprisan na masu sikila daga tsirrai, har da kanumfari da ganyen dawa. Ba gaba muke yi da itace ba. Amma duk waɗannan, bayan dabba sai da aka gwada su a jikin mutane, kuma ƙa'idar yau ita ce a bi da magani mataki-mataki: 'yan kaɗan don a ga ko yana cutarwa, sannan marasa lafiya ɗari ko ɗaruruwa don a gane adadin da ya dace, sannan masu yawa ana kwatanta shi da maganin da ake da shi. Kuma cikin magunguna goma da suka tsallake gwajin dabba suka shiga na mutane, kusan tara kan faɗi a hanya.

Wani lokacin ma dabbar kan yi shiru a kan hatsarin da ke jiran mutum. A Landan a 2006, an ba wasu samari shida masu lafiya wani sabon magani wanda birai suka jure ninkinsa ɗaruruwa. Cikin 'yan sa'o'i duk shidan suka kwanta rai a hannun Allah, sai da aka kai su sashen kulawa ta musamman. Kafin nan akwai talidomaid, da aka riƙa ba masu ciki don tashin zuciya daga 1957 zuwa 1961: dubban jarirai aka haifa da guntayen hannuwa da ƙafafu, alhali ɓeraye ba su cika nuna wannan illar ba, sai a zomo da biri aka gan ta fili daga baya. Idan masu manyan ɗakunan gwaji sun sha wannan, ina ga jarkar da ke shan rana a bayan mota?

Akwai wani dattijo da aka kawo mini a wata damina, ɗan kasuwa ne mai mutunci. Wata biyu ya yi a kan irin wannan jiƙo. Ƙaya ce ta soke shi a tafin ƙafa bai ji ba. Da muka kwance tsumman da aka ɗaure, yatsu biyu sun yi baƙi, wari ya cika ɗakin. Ɗansa na tsaye riƙe da takardar nan mai leda, yana miƙo mini yana cewa ai an gwada. Ƙafar ba ta tsira ba. Har yau ina ganin fuskar yaron.

Don haka ku je da Baba, ku tafi da jarkar da sauran ƙwayoyinsa na da, a auna suga, a duba ƙoda, a cire masa takalmi a duba tsakanin yatsu. Ku faɗa wa likita gaskiya, ba wanda zai kore ku. Idan tsadar magani ce ta tura ku, na san halin da ake ciki, ku faɗa a nemi mai sauƙin kuɗi. Kuma ko an nuna muku lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya, ku karanta kwalin da kyau: yawanci rajista ce ta cewa an duba ba a ga cutarwa a fili ba, hukumar ba ta shaida yana warkar da abin da aka lissafa ba. Ina roƙonka, yau ɗin nan.

Daga wata uwargida, Runjin Sambo: Da gaske ne ana zuba jinin ɓera a cikin allurar suga?

Ba gaskiya ba ne, Hajiya. A jikinsa ake gwaji, ba a zuba jininsa a kwalba. Ki ci gaba da allurarki.

Daga wani malamin makaranta, Bodinga: Lokacin korona an ce lissafi ya nuna gawa za ta cika titunan Afirka, ba mu gani ba. Don mi za mu yarda in an ce sankarau na tafe?

Malam, tambayarka a kan hanya take. Samfurin lissafi kamar awon hatsi ne: abin da ka zuba a mudu shi za ka juye. Masu hasashen farko sun yi aiki da abin da aka gani a Sin da Turai, inda tsofaffi suka yi yawa, mu kuwa yawancinmu yara ne da matasa, kuma cutar ta fi kayar da tsofaffi. Ga shi ba duk wanda ya rasu aka gwada ba, ba kuma kowace mutuwa ake rubutawa a wurinmu ba.

Amma sankarau ba baƙo ba ne da za a yi ta kirdado a kansa. Muna cikin yankin da ya taso daga Sanagal har Habasha, inda cutar ke tashi idan iska ta bushe, ƙura da zafi suka haɗu, ta lafa da saukar ruwa. Mun ga abin da ya yi a 1996, mun kuma ga na 2017 a Zamfara da nan Sakkwato da Katsina. Irin wannan lissafi ne wani likita, Ronald Ross, ya yi tun wajen 1911 ya nuna cewa ba sai an kashe sauro duka ba, in an rage shi ƙasa da wani adadi zazzaɓin zai ja baya. Irin wannan lissafin ne kuma ya nuna cewa mai ƙyanda ɗaya kan iya harbin mutum 12 zuwa 18 a inda ba riga-kafi, shi ya sa ake son yara 95 cikin 100 su samu allurar. In masu riga-kafi sun zo, ku fito da yara. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko jariri da maɗigarsa ta kumbura, asibiti kai tsaye, ba tsaga, ba turare.

Daga wata mai goyo, Illela: Ɗana ɗan wata takwas na zawo kwana uku. Kakarsa ta ce haƙori ne, a bari ya fito.

Wannan ma hoto ne da aka zana a rai, kuma ya ci yara da yawa. Haƙori ba ya kawo zawo. Lokacin fitowarsa ne ya yi daidai da lokacin rarrafe da kai komai baki, da fara shan kunu. Ki ci gaba da ba shi nono, ki ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, ko ki haɗa da kanki: lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki karɓo ƙwayar zinc ta kwana goma. Kada a cire masa beli, kada a yi masa ɗure. Kwana uku ya isa, ki kai shi asibiti yau. Idan idonsa ya faɗa, ko ya ƙi nono, ko fitsari ya ɗauke, ko kin ga jini a kashin, kada ki tsaya jiran maigida ya dawo daga kasuwa.