Kumburin hanji da magungunan itatuwa: wanne ya cancanci a saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gwaji ya tabbatar ina da gyambon babban hanji. Ina shan mesalazin, maganin kumburin hanji na asibiti, amma jefi-jefi ina ganin jini da majina a bayan gida. An ce kurkum yana taimakawa. Garinsa zan saya ko kafso?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara afuwa. A cikin tsirran da aka gwada a kan wannan ciwo, kurkum ne ya fi ƙwaƙƙwarar hujja, kuma wani sinadari da ke cikinsa mai suna kurkumin ne mai aikin. A 2006 an gwada wannan sinadari a Japan a kan mutum 89 da ciwonsu ya lafa, giram 1 da safe, giram 1 da yamma, tsawon wata 6. Ciwon ya dawo wa kusan kashi 5 cikin 100 na masu shan sa, amma ya dawo wa kusan kashi 20 na waɗanda aka ba kafson bogi, wato wanda babu magani a cikinsa. Wani gwajin na 2015 ya ba masu ciwo matsakaici giram 3 a rana na wata guda, fiye da rabinsu ciwon ya lafa. A duka biyun ba a janye maganin asibiti ba, a kansa aka ɗora kurkumin. Saboda haka kada ki ajiye mesalazin ɗinki.

Garin kurkum kurkumin ɗinsa bai wuce kusan kashi 3 cikin 100 ba. Kafin ki samu giram 3 sai kin haɗiyi wajen giram 100 na gari kullum, abin da ba zai yiwu ba. Kafso za ki nema. Ki duba bayan kwalbar da kyau, domin wasu nauyin garin suke rubutawa da manyan baƙaƙe. Ki nemi wanda ya faɗi miligiram ɗin kurkumin kansa, galibi za ki ga an rubuta kashi 95. In kafso ɗaya miligiram 500 ne, giram 2 kafso huɗu ke nan.

Wanda aka haɗa da sinadarin masoro don jiki ya ƙara zuƙa, mu dai ba ma ba da shawararsa. A hanji kike son maganin ya zauna, sannan an samu rahotannin lalacewar hanta a wajen masu shan irin wannan haɗi. Idan ido ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu, ki daina nan take, a auna hanta. Mai shan warfarin (maganin hana daskarewar jini), mai tsakuwar matsarmama, mai juna biyu da wanda za a yi wa tiyata, sai da izinin likita.

Ki fara shi shi kaɗai, kada ki haɗa da wani sabon abu. Ki riƙa rubuta sau nawa kike zagayawa da ko akwai jini. Bayan sati 4 zuwa 8 a maimaita gwajin kalfurotektin na bayan gida, wanda ke nuna yawan kumburin hanji. In babu canji, likita ya sake duba maganinki.

Tambaya: Ni cutar Kron ce da ni, wani nau'in ciwon kumburin hanji, kuma hoto ya nuna hanjina ya tsuke a wuri ɗaya. Zan iya shan ɓawon irin siliyom ko ƙaron hano?

Amsa: Malam, siliyom, wato ɓawon irin wani tsiro da ake sha don laushin bayan gida, a'a. Yana shan ruwa ya kumbura, in ya iske matsattsen wuri zai iya toshe hanji. Amai, kumburin ciki da rashin fitar tusa alamun toshewa ne, a tafi asibiti ba jira. Ƙaron hano na Indiya kuwa an gwada shi wajen hana Kron dawowa, bai fi kafson bogi ba. Kurkumin ma haka ya gaza a wani gwaji a Faransa a kan waɗanda aka yi wa tiyata. Barin taba sigari, in kana sha, ya fi waɗannan duka amfani.

Tambaya: Ɗana yana fama da kumburin hanji, yana son yin odar Qing Dai ta intanet, wani kuma ya ba shi ruwan alobera.

Amsa: Hajiya, Qing Dai garin shuni ne na likitancin Sin, kuma yana aiki a kan gyambon babban hanji. Sai dai an dakatar da gwajinsa a Japan bayan wani mai sayen abinsa da kansa ya kamu da hawan jinin jijiyoyin huhu. Yana kuma taɓa hanta. Ba abin sha ba ne ba tare da kulawar likitan hanji ba.

Alobera hujjarta ƙarama ce. Ruwan rawayan da ke ƙarƙashin ɓawon ganyenta maganin wankin ciki ne, kamar filasko, zai ƙara masa gudawa. Duk haɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba ya bar shi, don an sha gano sitiroid, maganin asibiti mai ƙarfi na rage kumburi, a ɓoye cikin irinsu. In yana zagayawa sau 6 ko fiye a rana da jini, ga zazzaɓi ko saurin bugun zuciya, a kai shi asibiti a ranar.