Mikin da ya ƙi warkewa a ƙafar mai lambu

Wani mai lambun latas da alayyahu a bakin kogin Jakara a Kano ya rubuto cewa fartanya ta ɗan yanke shi a idon sawu, yau sati biyar ke nan, wurin sai faɗi yake yana ruwa. Ya zuba toka, ya shafa baƙin mai, har maƙwabcinsa ya ce ya ɗiga maganin feshi wai ya kashe ƙwayoyin cuta.

Malam, wannan maganar ta maganin feshi ita ta fi tayar mini da hankali, kuma na gaji da nanata ta. Lafiyayyar fata ma tana tsotsar maganin ƙwari, balle wadda ta buɗe. Irin su Sniper guba ne da ke taɓa jijiyoyi, maganin ciyawa irin Gramoxone kuwa ƙona nama yake yi. Ka sayo da tsada don tsutsa, sannan ka zuba wa jikinka? Ko feshi kada ka fita yi sai ka rufe ciwon ka sa takalmin roba. Toka da baƙin mai ma datti kawai kake ƙarawa. Ruwan Jakara da kake tsayawa a ciki tun asuba, kwatocin birni ne ke zuba a cikinsa, ta yaya miki zai bushe a nan? Wanke shi da sabulu da tsaftataccen ruwa, a ɗaure da bandeji, a canza kullum.

Amma ƙaramin yanka da ya haura wata guda bai haɗe ba, jiki ne ke faɗa maka wani abu. Na farko da likita zai duba shi ne ciwon suga. Yana rage gudun jini zuwa ƙafa, yana kashe ji, har mutum ya taka ƙaya bai sani ba. Gwajin ɗigon jini ne a yatsa da safe kafin karyawa. In awon sugan ya kai 126 sai a maimaita don a tabbatar. Masu sikila ma gyambo ya fi kama su daidai idon sawu. Sai ƙarancin jini, shan taba, da kumburin ƙafa.

In ka ga mugunya, wari, ƙaluluwa ko zazzaɓi, kada ka kwana, tafi asibitin Murtala ko wanda ya fi kusa. Ka kuma nemi allurar tetanus, don ƙwayar cutar tana zama a ƙasa da takin dabbobi.

Wata Hajiya daga Ɗorayi ta ce ragon da take kiwo ya ji ciwo, tsutsa ta shiga. Hajiya, ƙuda ne ya yi ƙwai a wurin. A cire tsutsar, a wanke, a kira likitan dabbobi.

Mai tambayar ko a daina cin wake da ƙwai saboda miki: a'a, su ne ma ke gina sabon nama.