Ku Tambayi Kafinta: Katakon cikin ɗakin jirgina ya tsattsage

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba kafinta. Ina da jirgin katako mai inji a tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru, ina ɗauko 'yan kasuwa da kwandunan banda daga ƙauyukan masunta. Shekara biyu ke nan na sa aka yi mini ɗan ɗaki a bayan jirgin, aka lulluɓe cikinsa da filawud, aka bi bakin haɗi da gefen taga da siraran katako. Tun da hunturun bana ya shigo suka fara tsagewa, wasu sun ɗago, na ƙasan taga kuma ya yi baƙi. Yarona ya ce mu kwaɓa gam da garin katako mu cike, mu bi da fenti. Hakan zai yi, ko sai na sauya? Daga mai karatu a Lagdo.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya tsare hanya. Shawarar yaronka za ta kai ka ƙarshen rani, ba za ta kai ka kaka ba. Da zarar damina ta sauka katakon zai sha laima ya kumbura, ya tofo abin da kuka cusa masa.

Ciwo biyu ka faɗa mini, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Tsagewar nan ta hunturu, ina kyautata zaton ɗanyen katako aka yi maka aiki da shi. Mafi yawan katakon da ake sayarwa a Garwa, babban birnin da ke kusa da ku, daga dazukan kudu yake hawowa, inda iska ke cike da laima. Ya iso nan ya tarar da hunturu, ya kuma tarar da zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, dole ya tsuke. Katako kuwa ta fāɗinsa yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. In an danne shi da ƙusa bai samu wurin ja ba, sai ya rabe daga inda ƙusar ta shiga. Ƙara da girgizar inji safe da yamma. Duba da kyau, za ka ga yawancin tsagar daga bakin ƙusa ta taso.

Wanda ya yi baƙin nan shi ya fi damuna. Baƙi a jikin katako alamar ruwa ce, ko ruwan da ya haɗu da tsatsar ƙusa. Bara waccan an kawo mini wani jirgi mai irin wannan tabo a ƙasan taga, bai fi tafin hannu ba. Na ɓamɓare siririn katakon, na dangwala sukundireba a jikin ginshiƙin da ke bayansa, sai ta nutse kamar a dafaffiyar kabewa. Ruwan sama ne yake bin gefen gilashi yana kwanciya a wurin damina biyu. Mai jirgin ya zo sauya katakon ado, ya koma da sabon ginshiƙi. Don haka kafin ka sayi komai, cire na tagar, ka sa yaro ya watsa bokitin ruwa daga waje, kai kana ciki kana kallo. In ka ga ɗigo, toshe shi tukuna, ka bar wurin ya sha iska har ya bushe ƙayau.

Wajen cirewa a bi a hankali. Sa wuƙa ka tsaga fentin da ya haɗe su, sannan ka zura ƙarfe mai fāɗi, ka tokare shi da guntun katako don kada ya huda filawud. A lura da wayar fitila, sau da yawa a bayan waɗannan katakai ake ɓoye ta. Kada ka jefar da tsofaffin, ka rubuta wa kowanne lamba, da su za ka auna sababbi, domin a jirgi babu bangon da yake miƙe sak.

Farin katakon nan mai sauƙi da ake kira ayus, bar shi ga masu silin ɗin gida, ba ya jure ruwa. Nemi iroko ko maɗaci. Ka saya da wuri, ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, ya yi aƙalla wata guda yana shan iskar garinku kafin zarto ya taɓa shi. Ni nan ne nake faɗa da masu jirgi, kowa yana sauri, alhali wannan jiran shi ne rabin aikin.

In an yanke, a goge da samfefa, a shafa man katako ko fenti ta kowane gefe, har bayan da ba a gani, musamman bakin da aka yanka, don ta nan ya fi shan ruwa. Hannu biyu ko uku. Ƙusa ta ƙarfe kuwa a rabu da ita. A yi amfani da sukuru na tagulla ko na farin ƙarfen da ba ya tsatsa. Tafi kasuwa da maganaɗisu a aljihu: in ya cafke sukurun da ƙarfi, ajiye musu kayansu. A fara huda katakon kafin a ɗaura, ramin ya ɗan fi sukurun fāɗi kaɗan, kuma kada a matso bakin katakon ƙasa da yatsa biyu. Farin gam na kujeru ruwa yana narkar da shi. A gefen taga a sa irin gam ɗin jirgi da ke zama kamar roba bayan ya bushe, Sikaflex ko makamancinsa.

In ka cire na tagar ka ga filawud ɗin ya fara ɓarewa falle-falle, to shi ma ya tafi, a yanke wurin a sa sabo. Ka sake rubuto mini abin da ka tarar a bayansa, Alhaji.