Na cire tambarin bayan motata, danƙo ya ƙi fita: me zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi Corolla 'yar Kwatano, baƙa, ta zo da tambarin dillalin da ya sayar da ita a Amurka manne a bayan but, kuma harafi ɗaya na sunan motar ya faɗi. Sai na sa sukudireba na ɓamɓare su duka. Yanzu wurin ya bar wani baƙin abu kamar soso da danƙo, ƙura na ta mannewa. Yaron wankin mota ya goga fetur bai fita ba, wani abokina ya ce in sa tina. Mi ka gani? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, da farko dai ka ajiye maganar tina. Tina aikinta narkar da fenti, kuma ba ta san bambancin danƙo da jikin mota ba. Haka man birki, haka ruwan goge farce na mata. A saman launin motarka akwai wani siririn rufi mai sheƙi da mu masu fenti muke kira kiliya, kaurinsa bai kai na takardar littafi ba. Idan ya ƙone ko ya karce, babu gyara sai an sake feshi, kuma baƙar mota ba ta rufa wa kowa asiri.

Abin da kake gani ba gam ba ne irin na kwalba. Kamfanonin mota suna manna haruffa da wani tef mai kama da soso, mai danƙo gaba da baya. Da ka ɓamɓare harafin, soson ya tsage biyu, rabi ya bi harafin, rabi ya zauna. To shi ya sa fetur bai yi komai ba: soson ya tare hanya, man bai kai ga danƙon da ke ƙasa ba. Sai an fara kawar da soson tukuna, kuma abin da ke kawar da shi zafi ne.

Nan mu Sakkwatawa mun yi sa'a. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ajiye baƙar mota a rana daga azahar zuwa la'asar ya isa ya sassauta danƙon. Amma da sanyin hunturu, musamman da safe, danƙo yakan daskare ya yi tauri, sai ka ari na'urar busar da gashi a shagon gyaran kai. Ka riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga jikin motar, kana kai da kawowa, minti ɗaya zuwa biyu. Ma'aunin shi ne hannunka: wurin ya yi zafi amma kana iya ɗora tafi a kai. Bindigar zafi ta masu fenti ta fi sauri, sai dai a hannun wanda bai saba ba tana tayar da fenti ya kumbura, a jikin bamba ta roba kuwa har lanƙwasa ta take yi.

Kafin duk wannan, ka wanke wurin da ruwa da sabulu. Ƙurar garin nan yashi ce, idan ka murza a kanta ka sa wa motarka samfefa da hannunka.

Da wurin ya ɗumama, sa babban yatsa ka riƙa murza soson daga gefe zuwa ciki. Zai riƙa naɗewa kamar an mulmula tuwo, kana tsincewa. Yatsa zai yi zafi, wani har bororo yake yi, don haka ka huta ka sake ɗumamawa. Inda ya yi taurin kai, tsohon katin banki na roba ya isa. Reza, wuƙa, soson ƙarfe, duk kar su matso.

Bayan soson ya tafi za ka ga wani siririn danƙo mai yauƙi ya rage. Yanzu ne lokacin mai, kuma yanzu ne za ka mayar da motar inuwa ka bari ta huce, don a jikin ƙarfe mai zafi man yana bushewa kafin ya yi aiki, ya bar tabo. Ni kananzir nake amfani da shi, ya fi fetur sauƙi a kan fenti kuma ba ya saurin tashi. WD-40, man feshin nan na gwangwani mai sassauta tsatsa, shi ma yana yi. Idan babu ko ɗaya, man gyaɗa na kicin yana sassauta danƙo, sai dai ya fi ɗaukar lokaci. Jiƙa tsumma mai laushi, ɗora a wurin minti uku zuwa biyar, sannan ka goge a hankali kana juya tsumman zuwa gefe mai tsabta. Sau biyu ko uku ya isa. Daga nan ka wanke da sabulu, ka bi da sipirit don ya ɗauke maiƙon.

Wani abu da ya kamata ka duba tun farko: motocin Kwatano da yawa an taɓa sake musu feshi, kuma fentin gareji bai kai na kamfani juriya ba. Ka gwada kananzir ɗin a cikin murfin but, inda ido ba ya kai wa. In ka ga launi ya biyo tsumma, tsaya, ka koma kan zafi da sabulu kawai.

Akwai yiwuwar bayan ka gama ka ga siffar haruffan tana nan kamar inuwa. Mutane da yawa a nan suke ɓata mota, suna ta gurza suna zaton danƙo ne. Ba danƙo ba ne. Fentin da ke ƙarƙashin harafin shekaru bai ga rana ba, na kewaye kuma ya koɗe. Folish mai ɗan kaifi, a goga da hannu ko da inji, yana rage shi sosai. A tsohuwar mota, musamman ja, wani lokaci ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Shatin sukudirebar da ka yi ma, in farce ba ya maƙalewa a ciki, folish zai ɗauke shi. In yana maƙalewa, ya ratsa kiliya, sai mai fenti.

Da ka tambaye ni kafin ka fara, da na ce ka nemi zaren fatsa irin na masu kamun kifi a Kwalkwalawa, ka zura shi bayan harafin ka riƙa ja kamar zarto. Harafin zai fito lafiya, motar ma lafiya. Ka kiyaye da babban tambarin Toyota na tsakiya, sau da yawa yana da 'yan ƙafafu da suka shiga huji a jikin ƙarfe, cire shi zai bar ramukan da ruwan damina zai shiga.

In kana so ka mayar da sunan motar, don Allah kar ka sa Super Glue. Yana bushewa kamar gilashi, ya cinye kiliya, kuma abin da ke narkar da shi yana narkar da fenti. Sayi tef na 3M mai manne biyu wajen masu kayan ado na mota, goge wurin da sipirit, manna, danna kamar rabin minti, sannan ka hana yaron wankin mota taɓa wurin har kwana biyu.