Malam, ka fara duba kwamfutocin ajinka tukuna

Malam, da na ga tambayarka kan wanne za ka koya wa ɗalibai haɗa gem da shi, Unity ko Unreal ko Godot, wallahi sai da gabana ya faɗi. Irin wannan ce ta kusa raba ni da koyarwa.

Bara wani mai cibiyar koyon kwamfuta a Tudun Wada ya ɗauke ni. Na ce mu fara da Godot, ya ce atafau sai Unreal, wai sunansa ne iyaye za su gani a fosta su biya. Kwamfutocin kuwa 'yan gwanjo ne masu RAM 4GB. Kwana uku muna sauke shi, data ta ƙare sau biyu, daga aljihuna na ƙara. Ranar da ya buɗe da ƙyar, fankar kwamfutar na kuka kamar injin markaɗe, sai aka ɗauke wuta. Yara 12 sun zuba min ido. Wata yarinya ta ce, "Malam, yau ma ba za mu yi komai ba?" Har yanzu maganar nan na min ciwo. Daga baya a gaban iyaye mutumin ya ce ni ne ban iya aikin ba, kuɗin watan ƙarshe ma ya riƙe. Na bar shi da Allah.

Don Allah ka ɗauki Godot. Kyauta ne, zif ɗinsa bai kai 100MB ba, ba ya buƙatar a girka shi, a filashi ɗaya na raba wa ajina na yanzu a Kawo. Yarensa na rubuta umarnin kwamfuta, GDScript, kamar yaren Python yake. In za ku buɗe sabon aiki ku zaɓi tsarin nuna hoto na Compatibility, shi ne tsofaffin na'urori ke ɗauka. Akwai ma na wayar Android.

Unity yana da kyau ga wanda ya yi nisa yana son yaren C#, amma sai an buɗe asusu, ga nauyi. Ka tuna a Satumban 2023 kamfanin Unity sun ce za su riƙa cajin masu haɗa gem kuɗi kan kowace saukewar gem ɗinsu, sai a 2024 suka janye.

Kuma kar ka fara aiki da kowa ba a rubuta yarjejeniyar albashi ba, ko ɗan'uwanka ne. Ka saba wa yaran da danna Ctrl+S don adana aikinsu saboda ɗaukewar wuta. Makon farko ƙaramin gem na 2D ya isa, ɗan mutum ya yi tsalle ya tsallake rami.