Amsoshin Tambayoyi Kan Kalmomin Zaɓe a Littattafan Yara da Manya

Wata malamar firamare daga Zariya, wadda take rubuta ɗan littafi kan zaɓe domin ɗalibanta, ta tambaya ko 'yancin zaɓe za ta rubuta ko haƙƙin zaɓe.

Malama, duka biyun Hausa ne, amma kowanne da wurin zamansa. Haƙƙi kalmar Larabci ce, kuma tana nufin abin da mutum yake bi, wanda in an hana shi an zalunce shi, kamar gado ko ladan aiki. 'Yanci kuwa tamu ce tun asali, domin daga 'ya ta fito, wato ɗa wanda ba bawa ba, kuma Hausar yamma ta fi bayyana wannan tushe da take cewa ɗiyauci. Saboda haka idan kina bayanin abin da tsarin mulki ya ba duk ɗan ƙasa da ya cika shekara 18, haƙƙi ya fi dacewa, idan kuma kina ba da labarin yadda aka samo shi, to 'yanci za ki ce, domin sai da aka sha wuya. Ina roƙonki kada ki tsallake wannan labari, don abin da ya fi damuna da littattafan da ake juyo mana daga wasu harsuna shi ne yaro ya gama karatu ya san gwagwarmayar matan Ingila da Amurka, bai san cewa a zaɓen tarayya na 1959 matan kudancin Nijeriya sun jefa ƙuri'a alhali na Arewa suna gida ba. Sai a 1976 aka ba su dama, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri sau da yawa a kan wannan magana. Yarinyar da aka gaya mata cewa kakarta ta girma ba ta da ƙuri'a za ta fahimci kalmar 'yanci fiye da duk bayanin ƙamus.

Wani mai karatu daga Maraɗi ya nemi ma'anar sawaba. Asalinta Larabci ne, inda take nufin daidai, amma a bakin Bahaushe ta koma sauƙi bayan wahala. Ita ce taken jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, kuma ita ce sunan jam'iyyar Jibo Bakari a ƙasarku Nijar, wadda ta yi kiran a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa.

An tambaya ko kaɗa ƙuri'a ne daidai ko jefa ƙuri'a. Kowanne ya yi. Dangwala kuwa aikin yatsa ne a kan takarda, kuma shi ake fara yi kafin a kai ga akwati.

Wani malamin ajin yaƙi da jahilci ya ce ya ga zaɓen tumun dare a wani littafin manya, an fassara shi da zaɓen da aka yi maguɗi cikin dare. Wannan fassara kuskure ce, kuma ina jin ta har a bakin wasu masu sharhi a rediyo, waɗanda da alama ba su taɓa shiga gonar gero da kaka ba. Tumu shi ne zangarniyar sabon gero da ake karyowa a gasa a wuta a murje a ci, kuma mai zaɓensa yana bukatar haske domin ya ga wanda ya yi ido ya nuna, ya bar wanda tsutsa ta ci. Wanda ya shiga gona cikin duhu, da laluben hannu zai karyo, sai ya zo bakin wuta ya ga abin da ya ɗauko. Ke nan laifin yana wuyan mai zaɓen ne, wanda ya ɗauka bai duba ba, babu wanda ya yi masa aringizo ko ya sace masa akwati. Maguɗi zalunci ne da wani ya yi maka, zaɓen tumun dare kuwa ganganci ne da ka yi wa kanka, kuma littafin da ya haɗa su ya ɗauke wa mai ƙuri'a nauyin da karin maganar ta ɗora masa. Ina ba ka shawara, Malam, ka gyara wa ɗalibanka wurin da alƙalami kafin ku wuce shafin.

Game da karin maganar da ta dace da babin sayar da ƙuri'a, wadda wani marubuci daga Kumasi ya nema, ba na jin akwai wadda ta kai “kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski”. Babin yankar katin zaɓe kuma, “ba a fafe gora ranar tafiya” ta ishe shi.