Sayen tsohuwar motar ɗaga kaya mai dogon hannu domin ƙaramar gona

Wani ɗan kasuwa mazaunin Agege a Legas, wanda yake da 'yar gona a wajen Epe inda yake kiwon kaji da shanu kaɗan domin sha'awa, ya aiko da tambaya cewa an yi masa tallar tsohuwar telehandila, wato motar ɗaga kaya mai dogon hannu, ƙirar JCB, tokunbo (wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje kafin a shigo da ita), kuma yana so ta riƙa sauke masa buhunan abincin dabbobi tana kwashe taki. Yana neman sanin ko ya saya.

Alhaji, abin da zan fara jawo hankalinka gare shi shi ne ƙasar gonar kanta. Motar irin wannan mai ɗaukar tan 3 zuwa tsayin mita 7, nauyinta ita kaɗai ya kai kusan tan 7, kuma ƙasar Epe da Badagry, musamman daga Afrilu zuwa Yuli lokacin da ruwa ya kankama, tana yin laushin da zai iya haɗiye taya har zuwa ƙarfen da ke haɗa tayoyin. Idan hanyar da ke tsakanin rumbunka da garke ba ta da ciko mai ƙarfi, motar za ta shafe damina a ajiye. Ka kuma sani cewa yawancinsu ba su jan garma, aikinsu ɗagawa ne da lodi.

Idan ƙasa ta yarda, tsufan motar ba aibi ba ne a wurina. Kamfanin JCB na Ingila ya fara ƙera wannan nau'i tun 1977, kuma kafin ya soma yin injinsa na kansa a 2004, da yawa daga cikinsu injin Perkins suke ɗauke da shi. Wannan alheri ne a Legas, domin Perkins yana cikin manyan janareto da yawa, bakanikai sun san cikinsa, kuma ana iya neman kayan gyaransa a kasuwar Ladipo. Sababbin da kwamfuta ke sarrafa injinsu kuwa ba su jure gurɓataccen man dizal, kuma ƙaramar matsalar waya tana iya tsayar da su sai an nemo mai na'urar bincike.

Ba a cinikin biri a sama, saboda haka kada ka biya kuɗi a kan hoto ko bidiyo. Ka je da bakanikenka da sassafe, ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar yana da sanyi kafin a tayar, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye gajiyarsa. Bayan ya tashi, a buɗe murfin wurin zuba baƙin mai. Idan hayaƙi yana bugowa da ƙarfi daga nan, injin ya ci aiki. Agogon da ke ƙirga awoyin aikin injin kuma ana iya canza shi, gara ka dubi yadda feda da sitiyari da kujera suka goge.

Inda na fi so ka daɗe shi ne hannun, domin a nan kuɗin gyara yake da yawa. A miƙe shi har ƙarshe, ka bi shi da ido kana neman tsaga ko sabuwar walda da aka lulluɓe da fenti, sa'an nan a girgiza shi: idan sashen ciki yana kaɗawa a cikin na waje, ƙananan faifan da yake zamewa a kansu sun cinye. Ka duba fil-fil ɗin gindin hannun da na wurin ɗaura cokalin ɗaukar kaya, ko suna da wasa. Daga nan a ɗora kaya na gaske, kamar buhuna a kan katako, a ɗaga sama, a kashe injin, a jira. Hannu mai lafiya yana tsayawa inda aka bar shi. Wanda yake saukowa a hankali yana nuna man haidirolik, wato man da ke ɗaga hannun, na yoyo ta ciki. Sandunan silinda, wato sandunan ƙarfen da ke tura hannun, su kasance masu sheƙi, domin iskar gishiri ta bakin teku tana sa musu tsatsa, tsatsar kuma tana yaga roba, mai ya riƙa tsiyaya.

Giya da birki da sitiyarin taya huɗu, a gwada su duka da tafiya gaba da baya. Takardun kwastan da lambar jikin motar su yi daidai da juna.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonka a kansa saboda rayuwar yaran gonarka. Ƙarfin ɗaukar motar yana raguwa sosai idan hannu ya miƙe gaba, har ya koma ƙasa da rabi, kuma a nan ne take kifewa. Ka tabbatar jadawalin nauyi yana cikin ɗakin direba, na'urar gargaɗin nauyi tana aiki, kuma mutum ɗaya da aka koya wa ne zai riƙa tuƙa ta.

Idan lodin naka bai wuce zuwan mota ɗaya ko biyu a wata ba, shawarata ita ce ka nemi tarakta irin Massey Ferguson 375 a sa mata cokalin lodi a gaba, domin za ta yi huɗa, ta ja tirela, ta kuma kwashe taki, ranar babban aiki kuwa sai ka ɗauko telehandila haya.